Na biya an haɗa min websait amma Google bai san da zamana ba

Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Ina sana'ar turaren wuta da humra da kulacca a nan Kano, ina da ɗan shago kuma ina turawa wasu jihohin. Bara wani yaro ɗan unguwarmu ya haɗa min websait na biya shi kuɗi masu kauri, ya yi kyau masha Allah hotuna ko'ina, amma har yau ko mutum ɗaya bai taɓa cewa ta Google ya same ni ba. In na rubuta turaren wuta na wasu ne ke fitowa, nawa ko a shafi na biyar babu. Ni kuma ban san komai a harkar kwamfuta ba daga ni sai wayata. Yanzu wani ya min magana a Instagram wai in na biya shi zai ɗora ni a saman Google cikin kwana bakwai har da garanti. Maigida kuma cewa yake dama tun farko asarar kuɗi na yi. In biya shi ne ko in haƙura da shafin kawai?

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sa albarka a sana'a ya kawo kasuwa mai yawa.

Kar ki ba shi ko sisi, kuma kar ki haƙura da shafin. Babu wani mahaluƙi da zai iya ba ki garantin zama ta ɗaya a Google, shi kansa kamfanin ya rubuta ɓaro-ɓaro a inda yake ba masu shafuka shawara cewa babu mai iya cika wannan alƙawarin, a yi hattara da duk wanda ya ɗauka. Masu irin wannan tallan yawanci ɗayan biyu suke yi. Ko dai ya rubuta cikakken sunan shagonki haɗe da sunan layinku a Google, ya ɗauki sikirinshot ya turo miki yace ga shi nan kin zo ta ɗaya, alhali dama ke kaɗai ce mai wannan sunan kuma babu wanda yake nemansa sai wanda ya riga ya san ki, ko kuma ya je ya siyo miki dubban linki daga tarkacen shafukan caca da na shirme duk su nuno shafinki. Wannan na biyun ya taɓa ci a da, amma tun 2012 Google ya fito da wani gyara mai suna Penguin musamman dan maganin masu siyan linki, yanzu in kin yi sa'a Google ya yi biris da su kuɗinki ya tafi a banza, in ba ki yi sa'a ba a hukunta shafin ya ƙara nutsewa. To kin ga ba riba ta kowane ɓangare.

Kafin ma mu zo maganar Google akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarki, ba ki faɗa min ko makullan shafin suna hannunki ba. Da yawa daga cikin yaran nan masu haɗa websait, ba da mugunta ba ma, da imel ɗinsu suke yin rajistar sunan shafin wato domen, da wurin ajiyarsa da suke cewa hostin, kamar dai magini ya gama miki shago ya wuce da makulli a aljihunsa. Shi domen haya ce, duk shekara ake sabuntawa, ko .com ne ko .com.ng ɗin da ke ƙarƙashin hukumar NiRA, in wa'adi ya wuce ba a biya ba shafin sauka zai yi, bayan ɗan lokaci ma wani na iya siye sunan. Dan haka ki kira shi cikin mutunci, tunda ɗan unguwa ne ba sai an yi rigima ba, ki ce ya mayar da rajistar domen da hostin kan imel ɗinki, ya ba ki sunan shiga da kalmar sirri na cikin shafin a matsayin mai cikakken iko, ya kuma faɗa miki watan da ake sabuntawa ki rubuta ki ajiye. Yawancin abin da zan faɗa a ƙasa ba zai yiwu ba in ba kya iya shiga ki canza rubutu da kanki.

Sai gwaji na farko wanda yanzu ma za ki iya yi a wayarki. Ki buɗe Google ki rubuta site: ki manna adireshin shafinki a jikinsa ba tare da barin tazara ba. In shafukanki sun jeru to Google ya san da ke, matsayi ne kawai ba ki samu ba. In kuma ya ce bai ga komai ba, to ko cikin rumbunsa ba ki shiga ba, kuma wallahi sau da yawa dalilin ɗan ƙaramin abu ne mai ban haushi: in da WordPress, wato manhajar nan ta haɗa websait, aka haɗa shafin, a cikin Settings wajen Reading akwai wani ɗan akwati da ake dannawa dan a hana injinan bincike ɗaukar shafin lokacin da ake cikin gininsa, sai mai ginin ya gama ya manta bai cire ba, shafi ya shekara yana cewa Google kar ka shigo. Ki sa yaron ya duba a gabanki. A wannan zaman dai ki sa ya haɗa miki Google Search Console, wato wurin da Google ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa yake fitowa a bincike, da Gmail ɗinki, kyauta ne, ya tura taswirar shafin da suke kira sitemap a ciki, ya kuma tabbatar adireshinki da https yake farawa dan tun 2018 Chrome yake liƙa wa wanda ba shi da shi tambarin rashin tsaro, mutum na gani zai ja da baya. Iyakar aikin masana kenan a lamarinki fa, zama ɗaya ne, sauran duk naki ne.

Yanzu ga inda nake zargin matsalar take. Kin ce hotuna ko'ina. Na san irin shafukan nan, ka shiga ka ga kwalabe masu kyau an jera, a ƙasa an rubuta Welcome to our store da lambar waya, shikenan. Google ba ya jin ƙamshi 'yar uwa, hoto ma ɗan abin da yake ganewa a ciki bai kai ya ɗora ki a kansa ba, rubutu yake karantawa. Aikinsa shine wani ya rubuta tambaya shi kuma ya nemo shafin da ya fi amsa ta. In babu inda aka rubuta kalmar kajiji a shafinki, ta yaya mai neman kajiji zai same ki?

Kuma a nan ne kika fi duk wani ɗan kwamfuta, dan abin da ya kamata a rubuta yana cikin kanki da cikin WhatsApp ɗinki. Ki zauna ki bi hirarrakinki da kwastomomi na 'yan watannin nan ki fitar da tambayoyin da suke ta maimaituwa. Na tabbata za ki ga irin su meye bambancin farar humra da baƙa, wane turare ne na ɗaki wanne ne na kaya wanne ne na jiki, hawi da gabgab da sandal wanne ya fi kama kaya, me yasa nawa yake ƙauri in na zuba a garwashi, kasko da gawayi ya fi ko bona ta lantarki, yaya ake turara kaya da kabbasa, set ɗin amarya me da me ke ciki kuma nawa ne, kuna turawa Abuja ko Legas kuma kwana nawa yake kaiwa. Duk tambayar da aka miki sau uku a waya to akwai waɗanda suke rubuta ta a Google ba su san ki ba. Kowace ɗaya ki mata shafinta daban, tambayar ita ce kan magana, ki amsa a layin farko ba tare da dogon gaisuwa ba, sannan ki faɗaɗa yadda za ki yi wa ƙawarki bayani in ta zo shago. Ba sai kin tona sirrin haɗinki ba, babu wanda yace ki faɗi awon farce ko irin man da kike zubawa, amma yadda ake gane mai kyau da yadda ake ajiye shi kar ƙamshin ya gudu ai ba sirri bane, kuma wadda ta karanta ta ƙaru ita ce gobe za ta yi oda. In rubutu a waya yana ba ki wahala ki yi bayanin da murya ki sa ƙanwarki ko 'yarki ta rubuta, ki karanta ki gyara.

Haka kayan ma, kowane da shafinsa. Kar a tara humra da kulacca da turaren tsuguno duk a wuri ɗaya mai suna Products. Shafin humra daban, a faɗi girman kwalba, irin ƙamshin, ko tana ɓata farin kaya, tsawon lokacin da take yi a jiki, da farashi. Eh farashi. Ni wannan ɗabi'ar tamu ta a zo inbox a ji kuɗi ban taɓa ganin amfaninta ba, wadda ta rubuta farashin humra a Kano lamba take son gani, in ba ta gani ba komawa baya za ta yi ta shiga na gaba. Na san kaya suna tashi kullum, sai ki rubuta watan da kika sa farashin a gefe ki dinga sabuntawa.

Kowane shafi yana da take, shine shuɗin rubutun nan da ke fitowa a sakamakon Google mutum ya danna. Ki duba naki, ba mamaki Home aka bari ko sunan shagon kaɗai. Ki mayar da shi abin da mutane ke nema da garin da kike sannan sunanki, misali Turaren wuta da humra a Kano sai sunan shago, kar ya wuce haruffa 60 ko kusa da haka dan Google yana datse mai tsawo. A WordPress akwai ƙananan manhajoji irin Yoast SEO ko Rank Math da za su ba ki akwatin rubuta take da ɗan bayanin da ke fitowa a ƙasansa, na kyautan ya ishe ki. Amma kar ki biye wa masu cewa a cusa kalma ɗaya sau hamsin a shafi, turaren wuta Kano turaren wuta mai kyau turaren wuta mai arha, wannan dabarar ta mutu tuntuni, har akwatin keywords ɗin da wasu ke karɓar kuɗi su cika Google ya sanar tun 2009 cewa ba ya amfani da shi.

Da wane yare za ki rubuta? Ni dai da Hausa nake ba ki shawara ki fi yawaita, ki ɗan haɗa da Turanci a shafukan kaya. Dalili kuwa in kika ce za ki yi takara a kan kalmar perfume to da Jumia da manyan kamfanonin duniya za ki kara, ba za ki kai labari ba. Amma rubutun Hausa mai ma'ana a kan turaren wuta kaɗan ne a intanet, yawancin masu sana'ar a sitatus ɗin WhatsApp suke zuba iliminsu wanda bayan awa 24 ya ɓace kuma Google ba ya ganinsa, filin kusan a buɗe yake. Ki lura kuma da yadda mutane ke rubutawa da gaske, wata humra za ta rubuta wata khumra wata humrah, ki fara rubuta kalmar a akwatin Google ki tsaya ki ga abin da yake ƙarasa miki, waɗannan abubuwan da mutane ke nema ne, sai ki sa rubutun da ya fi yawa a take, ɗayan ki ambace shi sau ɗaya a ciki. Sannan dan Allah kar ki kwafo rubutun wata ki manna, kar kuma ki sa manhajar AI ta zubo miki shafi ɗari a dare ɗaya da Hausar da ba a gane kanta, a 2024 Google ya ƙara tsaurara doka a kan tara shafuka barkatai dan neman matsayi kawai. Shafi ɗaya a sati da bakinki ya fi.

Sai abin da nake ganin zai fi saurin kawo miki kwastoma fiye da shafin ma, wato Google Business Profile, wanda a da ake kira Google My Business kafin a canza sunan a 2021. Shine wanda in mutum ya nemi abu a gari sai taswira ta fito da shaguna uku a sama da lambar waya da hanyar zuwa. Kyauta ne kuma da waya ake buɗewa. Za ki sa sunan shago yadda yake a allonki ba ƙari, adireshi, lokacin buɗewa da tashi, lambar waya, hotunan shagon na gaske ciki da waje, da linkin shafinki. Za su nemi ki tabbatar shagon naki ne, yanzu yawanci bidiyo suke cewa a ɗauka a nuna titi da allo da cikin shago, dan haka in ba ki da allo ki sa a rubuta miki. Wadda a gida take sana'a za ta iya ɓoye adireshin ta zaɓi yankin da take kai kaya kawai, ba dole sai duniya ta san ƙofar gidanta ba. Google yace abu uku yake dubawa wajen jera shagunan, dacewa da abin da aka nema, kusanci da mai neman, da kuma shahara, kuma ra'ayin kwastomomi yana cikin abin da ke ɗaga shaharar. To ke da kike da amare da uwayen amare da suke turo miki saƙon kai Hajiya turaren nan ya yi, duk wadda ta yaba ki tura mata linkin ki ce dan Allah ta rubuta a can, ko da Hausa ne layi biyu. Kar ki siyi na bogi, kar ki tara 'yan gidanku su rubuta ashirin a rana ɗaya, kar kuma ki ce za ki yi ragi ga wadda ta ba ki tauraro biyar, duk sun saɓa dokarsu kuma suna gogewa har su dakatar da mutum. In wata ta rubuta ƙorafi ki amsa da sanyin murya, masu karantawa amsarki suke dubawa fiye da ƙorafin. Ki tabbatar kuma suna da lamba da adireshi iri ɗaya ne a shafi da Instagram da Facebook da taswira.

Hotunan nan naki kuma ina jin tsoron nauyinsu. Hoton da aka ɗauka da waya kai tsaye yakan kai megabait 3 zuwa 5, in aka jera ashirin a shafin farko ki ƙiyasta datar da mutum zai ƙona da irin netwok ɗinmu. Wani bincike da Google ya fitar a 2016 ya nuna kashi 53 na masu shiga ta waya suna ficewa in shafi ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba, kuma yanzu yadda shafi yake a waya shi Google ke dubawa ba yadda yake a kwamfuta ba. Ki kashe wayfai ki buɗe shafinki da data a ƙaramar wayar wani ki ga yadda yake yi. Kafin ki ɗora hoto ki bi da shi ta TinyPNG ko Squoosh su rage shi ya dawo ƙasa da kilobait 200, ido ba zai ga bambanci ba, ki canza masa suna daga IMG da lambobi zuwa farar-humra, ki cika ɗan akwatin bayanin hoto da abin da ke ciki. Shafin PageSpeed Insights na Google zai auna miki saurin in kin sa adireshi, amma kar ƙaramin maki ya tayar miki da hankali, ba sai kin ci ɗari ba.

Maganar linki daga wasu shafuka gaskiya ce tana da tasiri, a kanta ma Larry Page da Sergey Brin suka gina Google a 1998, shafin da wasu ke nunawa ana ɗaukarsa mai daraja. Na halak ɗin dai a hankali yake zuwa, mai gyaran jiki ko mai kwalliyar amare ko mai shirya biki da kuke aiki tare in tana da shafi ta ambace ki, ko wata jarida ta yi hira da ke a kan sana'a ta sa adireshinki. In ya samu to, in bai samu ba kar ki sa shi a ranki yanzu.

Shi kuma maigida ki faɗa masa gaskiya cewa abin ba na sati bane, sabon rubutu kan ɗau kwanaki ko makonni kafin ya shiga, matsayi kuma watanni ne, ki ba shi kamar wata huɗu zuwa shida kina rubutu kafin ku yanke hukunci. In ana son fitowa a sama gobe-gobe hanya ɗaya ce, tallan Google Ads da ake rubuta Sponsored a kansa, ana biya duk dannawa kuma ranar da kuɗi ya ƙare ranar za ki ɓace, ni ban ga dalilin ki fara da shi ba.

Ki daina auna kanki da rubuta turaren wuta a wayarki kullum kina leƙawa, sakamakon yana bambanta daga mutum zuwa mutum da gari zuwa gari. Sau ɗaya a wata ki shiga Search Console wajen Performance, zai nuna miki ainihin kalmomin da mutane suka rubuta shafinki ya bayyana, sau nawa aka gan ki, sau nawa aka danna, da matsayin da kike. Ki nemi waɗanda kike tsakanin na 8 da na 20, su ne na bakin ƙofa, ki koma shafin ki ƙara bayani ki gyara take ki sa linkinsa a wasu shafukanki. Wanda ake gani da yawa ba a dannawa kuma takensa ne bai ja hankali ba. Ki sa maɓallin WhatsApp a kowane shafi, sannan duk sabuwar kwastoma ki tambaye ta a ina ta gan ki ki rubuta a littafin ciniki. In kin yi gwajin site: ɗin nan ki turo min abin da ya fito, daga nan za mu san ko akwatin nan ne aka manta ba a cire ba.